Yadda Ake Gane Had-dis Mai Shirin Mutuwa, a Ceto Abin da ke Cikinsa

Wata Asabar wani ɗalibi ya shigo mini shago rungume da laftof, ido ya kaɗa ya yi ja. Kundin digirinsa na biyu na ciki, babi huɗu ya rubuta, ga hotunan bikin ƙanwarsa. Ya ce kwana goma ke nan kwamfutar na nauyi, in ya taɓa wata folda sai ta sandare. Abokinsa ya ba shi shawara ya sa umarnin chkdsk, wanda Windows ke duba had-dis ya gyara da shi, ya kwana yana aiki, shi kuwa ya bi. Kafin gari ya waye, had-dis ɗin da jiya yake buɗewa ko da da ƙyar ne ya koma sai ƙas-ƙas yake yi, kwamfutar ma ta daina ganinsa. Awannin da ya ƙona a wajen gyara sun ishe shi ya kwashe kundin nan sau ɗari.

Abin da nake fara koya wa duk yaron da aka kawo mini koyon aiki ke nan: had-dis mai ciwo kwanansa ƙidayayye ne, duk mintin da ya yi a kunne daga ragowar ransa ake zara. In gida ya kama da wuta kaya ake fitarwa, ba a tsayawa yaɓen katanga. A wannan aiki kwafi ne farko, duk wani gyara kuma a kan kwafin ake yinsa.

Ga ɗan abin da ya kamata ka sani game da cikinsa. Akwai faifai na ƙarfe ko na gilashi da ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti guda. A samansa wata 'yar allura ce ke shawagi a kan iska tana karatu da rubutu ba tare da ta taɓa shi ba, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ƙwayar ƙura ta fi ta girma nesa ba kusa ba. An yanka faifan gida-gida, kowane gida sunansa sekta. In sekta ta lalace, allura takan yi ta komawa kanta tana sake gwadawa, wannan ne sandarewar da kake gani. Naci a wuri guda shi ke gajiyar da allurar, ranar da ta sauka ta karci faifan kuwa, abin da ta kankare ya tafi ke nan. Bayanin nan na had-dis mai faifai ne. SSD, wato ma'ajiyar da ba ta da faifai, hukuncinsa daban, zan taɓo shi can ƙasa.

Kayan aiki

- Wata kwamfuta mai lafiya. In ta tebur ce ya fi, domin za ka iya jona mara lafiyar kai tsaye da wayar SATA.
- Had-dis mai lafiya wanda ya fi mai ciwon girma. Mai ciwon in 1TB ne, nemi 2TB, don kwafi ya zauna, fayilolin da za ka ciro ma su sami wuri. Tsarin fomat ɗinsa ya kasance NTFS, exFAT ko ext4. FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai 4GB, kwafinka zai tsaya tun bai je ko'ina ba.
- Filasha mai 4GB ko fiye, da ka ɗora wa SystemRescue, wani Linux mai tashi daga filasha, ta hanyar manhajar Rufus ko Ventoy. Kyauta ne, kuma manhajojin da za mu yi aiki da su, ddrescue, smartctl, TestDisk da PhotoRec, duk suna ciki. In Ubuntu gare ka shi ma zai yi, sai dai ka sauke gddrescue, smartmontools da testdisk. Lura da harafin g ɗin nan a farkon sunan.
- Wayar SATA mai kyau, da adaftar SATA zuwa USB in babu kwamfutar tebur. Ƙaramin had-dis na laftof, mai inci 2.5, bolt 5 na USB ya ishe shi. Babban na tebur, mai inci 3.5, sai da bolt 12, don haka adaftarsa dole ta zo da wutarta.
- Ƙaramin sukudireba, fanka, biro da takarda.
- Wuta tsayayya: inbata, sola ko UPS. Aikin nan kan ci yini, wani lokaci kwanaki, wutar NEPA kuwa ba ta sallama in za ta tafi.

Mataki na 1: Kashe, sannan ka yi tambaya

Da zarar ka zargi had-dis, kashe kwamfutar. In ta sandare, danne makunnin har ta mutu. Sai ka zaunar da mai kayan ka tambaye shi. Ta faɗi ne? Tana kunne lokacin da ta faɗi? Ruwa ko shayi ya zuba mata? Wuta ce ta zo da ƙarfi? Wa ya taɓa ta kafin kai, me ya yi? Mutane kan ɓoye faɗuwa saboda kunya, sai ka lallaɓa. Had-dis da ya faɗi yana juyawa, ni ba na ƙara kunna shi fiye da sau ɗaya.

Tambaya mafi muhimmanci: me ya fi buƙata a ciki, kuma a wace folda yake? Rubuta. Sau da yawa mai 1TB abin da ke hana shi barci bai kai 5GB ba, saura finafinai ne. Ka kuma tambaya ko an kulle shi da BitLocker. Kwamfutoci da yawa masu Windows 11 a kulle suke zuwa, mai su bai ma sani ba. Makullin lamba ce mai alƙaluma 48, galibi tana ajiye a asusunsa na Microsoft. A nemo ta tun yanzu, domin idan babu ita ko ka kwafe komai tsaf, shara ce za ka gani.

Mataki na 2: Kasa kunne

Ciro had-dis ɗin, ɗora shi a kan tebur shimfiɗe, ba shi wuta, kara kunnenka na daƙiƙa 20 zuwa 30.

Mai lafiyar inji zai taso da juyi a hankali, ka ji ɗan kwaraf-kwaraf na allura, sai ya daidaita. Wannan akwai fata sosai.

In ka ji ƙas-ƙas-ƙas a jere, juyin ya tsaya, ya sake tasowa ya maimaita, allura ce ta kasa karanta faifan. Amma kada ka yanke hukunci tukuna in ta USB ka jona shi, domin ƙarancin wuta ma na kawo irin wannan ƙara. Sauya rami, sauya waya, gwada sau ɗaya. Ya maimaita? Cire wuta.

In ka ji ƙugi ko wani siririn kuka amma babu juyi, allura ce ta manne a faifan, ko motar ta cije. In kuwa ƙarar karta ka ji, kamar ana goga cokali a gindin tukunya, faifan ake kankarewa. Zare wuta nan take.

Shiru ɗungum, ko warin ƙuna, yawanci fanel ne, wato koren allon da ke bayansa. Abin da na fi gani shi ne mutum ya ɗauki cajar laftof mai bolt 19 ya soka wa akwatin had-dis mai bolt 12, don bakinsu ya zo ɗaya. Sau da yawa ɗan abin kariyar da ke bakin shigar wuta ne kawai ke ƙonewa, faifan lafiyarsa lau, mai gyaran fanel da ya san aikinsa zai gano shi da mita.

Ƙas-ƙas mai naci, ƙugi da karta, duk ukun sun fi ƙarfin manhaja. Tsallaka zuwa bayanin ƙwararru a ƙasa.

Mataki na 3: Wanke waya da wuta daga zargi

Ba kowane ciwo ne na had-dis ba. Na sha karɓar kwamfuta an ce had-dis ya mutu, ashe ƙurar hunturu ce ta cika bakin wayar, ko siririyar wayar da ke haɗa shi da uwar allo a laftof ta tsage. Sa sabuwar waya, sauya rami, ka shiga BIOS, wato allon saitin kwamfuta kafin Windows ya tashi: F10 a HP, F2 a Dell. Duba ko sunansa da girmansa sun fito daidai. In suna ya fito a hargitse, ko girma ya nuna sifili, matsalar ta shafi allura ko manhajar cikinsa, wannan ma na ƙwararru ne.

Saƙon 3F0 a HP cewa yake bai ga abin da zai tashi da shi ba, kuma yana iya zama waya ce kawai ko Windows ne ya lalace. Amma 301 a HP, ko 2000-0142 a Dell, had-dis ɗin ne da kansa ya faɗi jarrabawa.

In ka jona shi da Windows ya ce sai an yi masa fomat kafin a yi amfani da shi, ka ce a'a. In ya ce a bar shi ya duba ya gyara, nan ma a'a.

Mataki na 4: Karanta katin asibitinsa

Kowane had-dis na rubuta tarihin lafiyarsa da kansa, shi ake kira SMART. Karanta shi ba ya wahalar da faifan. A Windows, CrystalDiskInfo ake amfani da shi: shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja an shiga haɗari. A SystemRescue kuwa umarni guda ne, sdb kuma sunan mai ciwon ne, yadda za ka gano naka na Mataki na 5:

smartctl -a /dev/sdb

Layuka za su zubo da yawa, kada su ruɗe ka. Ginshiƙin ƙarshe, RAW_VALUE, shi za ka duba, a waɗannan lambobi:

- 5: sektocin da suka mutu aka maye gurbinsu da na ajiya.
- 197: sektocin da ya kasa karantawa yanzu haka. Wannan ya fi tayar mini da hankali, domin akwai bayanan mutum a ƙarƙashinsu.
- 198 da 187: kurakuran da ya kasa gyarawa.
- 199: kuskure a kan hanya. In wannan kaɗai ke hawa, waya ce, sauya ta.
- 9: awannin da ya yi yana aiki tun da aka ƙera shi. In za ka sayi na hannu, nan za ka gane ko tsoho aka yi wa wanka.

CrystalDiskInfo na rubuta lambobin da wani salon ƙirga, sai ka ga 05, BB, C5, C6 da C7 a madadin 5, 187, 197, 198 da 199. Sannan in Seagate ne, za ka ga miliyoyi a layi na 1 da na 7. Haka nasu yake ƙirga, ba ciwo ba ne. Yara da yawa sun yanke wa lafiyayyen had-dis hukuncin kisa a kan wannan.

Kamfanin Backblaze, da ke riƙe da had-dis dubbai yana wallafa alƙaluman mutuwarsu, lambobi biyar yake sa wa ido: 5, 187, 188, 197 da 198. Duk wadda ta wuce sifili, a fara shiri. Sai dai kada shuɗin launi ya sa ka saki jiki. A binciken da injiniyoyin Google suka fitar a 2007 kan had-dis sama da 100,000, fiye da kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu SMART bai nuna komai ba kafin mutuwar. In kati ya ce lafiya amma kunnenka ya ji ciwo, bi kunnenka.

Kada ka sa shi doguwar jarrabawa, kada ka sa manhajar da ke bin faifai sekta-sekta wai tana farfaɗo da shi. Ƙarfin da zai kashe a karatun gwaji, shi kake buƙata a karatun kwafi.

Mataki na 5: Shirya fili, ka tantance wane ne wane

Jona mai ciwon da SATA in da hali. Adaftar USB takan rikice in ta ci karo da mummunar sekta, ta yanke haɗin gaba ɗaya. In ita kaɗai gare ka, za ta yi, sai haƙuri. Wasu ƙananan had-dis na waje, musamman na WD da Toshiba, ramin USB a jikin fanel ɗinsu yake, babu bakin SATA ko ka fasa akwatin, don haka kada ka wahalar da kanka.

Saita fanka a kansa. A zafin Afrilu, shago kansa ya kai digiri 40, had-dis mai aiki kuwa ya fi haka. Ni ba na son ganin lamba ta 194 a SMART, wato zafinsa, ta haura 45. Ta da kwamfutar daga filasha: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo. In ta ƙi, kashe Secure Boot a BIOS. Dalilin da ya sa ba na yin wannan aiki a Windows shi ne, da ya ga had-dis sai ya hau karanta shi da rubuta masa ba tare da ya tambaye ka ba, in ya ci karo da mummunar sekta kuma ya sandare. SystemRescue ba ya taɓa komai sai ka ce. Sai ka rubuta:

lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL

Gwada lambar da ta fito da wadda ke jikin takardar had-dis ɗin, harafi da harafi. Rubuta a takarda: mai ciwo sdb, mai lafiya sdc, ko yadda naka ya nuna. A nan ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa. In ka juya sunayen, fanko za ka kwafa a kan kayan mutane. Kuma sunayen na iya sauyawa duk lokacin da ka sake ta da kwamfuta, saboda haka kowane tashi a sake dubawa.

Buɗe mai lafiyar kaɗai:

mkdir /mnt/ajiya
mount /dev/sdc1 /mnt/ajiya

Wani zai ce, in abin da ake nema folda guda ce ƙarama, me ya sa ba za a ɗauko ta kawai ba? In had-dis ɗin ba ya ƙara, kuma lamba ta 197 ba ta da yawa, ni ma nakan yi haka: in buɗe shi da mount -o ro, wato karatu kaɗai, in ɗauke foldar nan, in rufe. Amma da ya fara jan ƙafa nake dakatawa in koma cikakken kwafi.

Mataki na 6: Cikakken kwafi da ddrescue

Nan ne zuciyar aikin. Kwafi irin na yau da kullum in ya iske mummunar sekta sai ya tsaya yana naci. Shi ddrescue, wanda Antonio Diaz Diaz ya rubuta, dabarar mai girbi gare shi: ya fara kwashe inda ya nuna, ya tsallake inda ke da ƙaya, sai daga baya ya dawo kala. Zagayen farko:

ddrescue -d -n /dev/sdb /mnt/ajiya/kwafi.img /mnt/ajiya/taswira.map

Jerin yana da ma'ana: na farko inda za a ɗauko, na biyu inda za a zuba, na uku taswira. Harafin d na sa shi karatu kai tsaye daga had-dis, n kuma na hana shi tsayawa kankarar wuraren da suka lalace.

Kada ka kuskura ka manta taswirar nan. A cikinta yake rubuta inda ya karanta, inda ya tsallake da inda ya gagara. In wuta ta ɗauke, ko had-dis ya ɓace, ko ka danna Ctrl da C don ya huta, umarnin nan dai za ka sake rubutawa, ya ɗora daga inda ya tsaya. Ba taswira, sai dai a koma farko, mara lafiya kuwa ba lallai ya iya tafiyar sau biyu ba.

A allo, sa ido kan pct rescued, wato kason da aka ceto, da current rate, wato gudunsa, da kuma layin da ke nuna tsawon lokacin da ya yi bai karanto komai ba. Lafiyayyen 1TB a SATA kan ɗauki kamar awa 3, a tsohon ramin USB 2.0 kuwa awa 9 ko fiye. Mai ciwo ba shi da lokaci. Na taɓa yin kwana 4 a kan 500GB.

In gudu ya faɗi ƙasa ya daɗe a wurin, dakatar da shi, kashe, bar shi ya huce rabin awa. In ka dawo ka ƙara -R a umarnin don ya faro daga ƙarshe ya yo baya. Sau da yawa ɓarnar a farkon faifan take, inda Windows ya fi takawa, sai ka ga bayan ya zo salin-alin. In kuwa ya fara ƙas-ƙas a tsakiyar aiki, tsaya haka nan. Abin da ka samu ka samu.

Zagayen farko ya ƙare, had-dis na da sauran numfashi? Kafin ka matsa masa, leƙa kwafin kamar yadda ke Mataki na 7. In abin da mai kaya ke nema ya fito lafiya, aiki ya ƙare. In da saura, sai zagaye na biyu:

ddrescue -d -r1 /dev/sdb /mnt/ajiya/kwafi.img /mnt/ajiya/taswira.map

Yanzu zai koma wuraren da ya tsallake sekta-sekta, ya ƙara gwada masu taurin kai sau ɗaya. Za ka ga ana cewa r3, har da masu cewa a bar shi ya yi ta gwadawa ba iyaka. A ganina abin da bai karantu ba a gwaji biyu ko uku, da wuya na goma ya kawo shi, allurar kawai ake ci.

In ba ka da babban had-dis sai mai girma daidai da mai ciwon, kana iya kwafa daga wannan zuwa wancan kai tsaye: ka ƙara -f, ka sa /dev/sdc a madadin kwafi.img. Duk abin da ke kan sdc zai shafe. Taswirar kuma ka ajiye ta a wata filasha ta daban, domin abin da ka ajiye a cikin SystemRescue kansa yana tafiya da an kashe kwamfuta. Ka kuma gwada girmansu da kyau, kada sabon ya gaza ko da kaɗan.

Kwafi ya kammala, cire mai ciwon, sa shi a leda, rubuta suna da kwanan wata, ajiye. Daga nan ba ka da sauran hulɗa da shi.

Mataki na 7: Buɗe kwafin

losetup -r -P -f --show /mnt/ajiya/kwafi.img

Zai ba ka suna kamar /dev/loop1. Sake rubuta lsblk, za ka ga ɗakunan da ke ciki: loop1p1, loop1p2, haka. Mafi girman shi ne yawanci mai kayan, sunansa za ka sa a madadin loop1p3.

mkdir /mnt/kwafi
mount -o ro /dev/loop1p3 /mnt/kwafi

In ya buɗe, Alhamdulillahi. Rubuta startx don allo mai hotuna ya fito, shiga foldar Users, kwashe zuwa wata folda a /mnt/ajiya. Fara da abin da ka rubuta a takarda tun Mataki na 1. Mafi yawan ayyukan da ke zuwa mini a nan suke ƙarewa.

Mataki na 8: In ya ƙi buɗewa, TestDisk

Wani lokaci ɓarnar kan faɗa daidai kan teburin da ke nuna inda kowane ɗaki ya fara. Kaya na nan, ƙofa ce ta ɓace.

testdisk /mnt/ajiya/kwafi.img

Zaɓi Proceed, bar irin teburin da ya gano da kansa, Intel ko EFI GPT, sai Analyse, sai Quick Search. Ɗakin da ya fito, hau kansa ka danna P don ganin fayiloli. In ka ga foldodi da sunayensu, danna a don zaɓar duka, sannan babban C don kwafa, ka nuna masa inda zai zuba. In bai ga komai ba, Deeper Search. Akwai zaɓin Write da ke sake rubuta teburin. Ba ka buƙatarsa don ciro fayil. In dole sai ka gwada, yi wa kwafi.img wani kwafin tukuna, ka yi gwajin a kansa. Haka ma chkdsk: a kan kwafin kwafi kaɗai yake da izini.

Wanda Linux ke ba shi tsoro, daga nan yana iya komawa Windows, domin kwafi.img fayil ne kamar kowane. DMDE da R-Studio duk suna buɗe shi, kuma sun fi TestDisk iya harhaɗa foldodin NTFS da suka tarwatse. DMDE na kyauta yana bari ka ciro fayil har 4000 daga folda guda a kowane ɗauka.

Mataki na 9: Makamin ƙarshe, PhotoRec

Shi wannan, wanda Christophe Grenier ya rubuta tare da TestDisk, bai damu da tebur ko folda ba. Bin kwafin yake yana shinshina farkon kowane fayil: nan hoto ya fara, nan PDF. Kan ciro abu da yawa, amma ba suna, ba folda. Za ka sami recup_dir.1, recup_dir.2 har ɗaruruwa, cike da sunaye irin f1234567.jpg. Don haka kafin ka danna Search, shiga File Opt, danna s ka cire duka, ka zaɓi irin waɗanda kake nema kaɗai: jpg, pdf, doc, da zip, domin docx da xlsx a ƙarƙashin zip yake gane su. In ba haka ba, dubban ƙananan hotunan intanet za su binne abin da kake nema. Bayan ya gama, jera su bisa girma. Hotunan kyamara da na waya su ne manya.

Mataki na 10: Gwada abin da ka ciro

Ganin suna ba shi ne samun fayil ba. Inda ddrescue ya kasa karantawa, sifili ne a wurin. Hoto zai buɗe rabi toka-toka, bidiyo ya tsaya a tsakiya, takardar Word ta ƙi buɗewa. Zauna da mai kayan ku buɗe muhimman ɗaya bayan ɗaya. Takardar da ta ƙi, gwada ta a LibreOffice, ko ka nemi tsohon kwafinta a imel da WhatsApp. Ɗalibai kan manta sun tura wa malaminsu babi-babi.

Abin da ba a yi, da lokacin miƙa wa ƙwararru

Ba a sa had-dis a firiza. Dabarar zamanin da ce, yau kuwa raɓa ce za ta kwanta a kan faifan, allura ta bi ta kai. Ba a bubbuga shi. Ba a kwance murfinsa a shago ko a ɗaki "don a gani". Garin neman gira ake rasa ido. Sauya fanel da na wani mai kama da shi ma ba ya wadatarwa, domin akwai ɗan guntun ROM, galibi mai ƙafa 8, da ke ɗauke da saitin wannan had-dis shi kaɗai, sai an ciro shi an dasa a sabon fanel ɗin.

Masu wannan sana'a na gaskiya suna da akwatin iska mai tacewa inda suke buɗe had-dis, da na'ura irin PC-3000 ta kamfanin ACE Lab, kuma sukan sayo wani had-dis iri ɗaya su ciri allurarsa. Shi ya sa kuɗinsu ke da nauyi. Kafin ka miƙa, tambaye su a ina suke buɗewa, da wace na'ura, kuma za su nuna maka jerin fayiloli kafin ka biya? Wanda ya ce ka dawo bayan La'asar ya gama, karɓi kayanka. Ka kuma gaya musu gaskiyar duk abin da aka riga aka yi masa.

SSD ba shi da faifai ba shi da allura, ba ya ƙara, yakan mutu ne farat ɗaya, ko ya koma karatu kaɗai ba rubutu. In har kwamfuta na ganinsa, hanyar ddrescue ɗin nan ce dai, kuma da gaggawa. Sunan wasu kan fito kamar /dev/nvme0n1. Amma fayil da aka goge a SSD, saboda tsarin TRIM da ke share gurbin ba da jimawa ba, da wuya ya dawo. Mai BitLocker kuwa, hanya mafi sauƙi ita ce ka zuba kwafin a kan wani lafiyayyen had-dis, ka jona da Windows, ka shigar da lambar nan 48 in ya tambaya.

Tsohon had-dis ɗin, ko ya dawo kamar ya warke bayan fomat, kada ya koma aiki, kada kuma a sayar wa wani. Kayan da ka ceto a zuba su wuri biyu kafin mai su ya bar shago, ɗaya a sabon had-dis, ɗaya a filasha ko Google Drive. Kwafi.img na hannunka kuwa amanar mutum ce, da hotunan iyalinsa da takardun bankinsa. Nakan riƙe shi mako 2 ko zai dawo ya ce ya manta wata folda, in mako biyun sun cika in kira shi, ya tabbatar, sannan in goge.